Clarrie Bunworth da Amalen Tarabinna

A garin Tarabinna, in ka ji an ce "lokacin da nake cikin hamada," ba sai ka waiwaya ba, Clarrie Bunworth ne, kuma gara ka ja kujera don ba yanzu za a gama ba. Shekara talatin ya yi yana gyaran famfo da injin rijiya kafin ya ajiye aiki, amma in yana ba da tarihinsa ba za ka ji famfo ko ɗaya ba. Sai ɓauna, sai kada, sai wani aladen daji da kowace shekara yake ƙara ƙiba a bakin Clarrie.

Bindigogi goma sha tara gare shi a kabad na ƙarfe a ɗakin baƙi, kowace da sunanta. Ran Lahadi yakan jera su a tebur ya bi su da mai da tsumma yana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Matarsa Noreen takan ce da an ƙera ta da ƙarfe da katako, da ita ma ta ga gata a gidan nan. Akwai sirri ɗaya da daga shi sai ita sai Sajan Lorraine Pettit mai duba lasisi suka sani: goma sha takwas daga ciki an toshe su da walda tun kafin su shigo hannunsa, ado ne kawai. Ɗaya ce ke tashi, wata tsohuwar bindigar soja da yake kira Doris. Da ita yake zuwa filin ƙungiyar maharba, kuma in ya tsaya saiti kowa kan ja da baya. In ya kuskure allon, sai ya ce laifin allon ne da ya tsaya wuri ɗaya, shi abu mai gudu ya saba harbi.

To, shekarar nan fari ya yi tsanani, ciyawa ɗanya ba ta rage ko'ina ba sai a filin mirgina ƙwallo na bakin gari, wanda tsofaffi ke shayarwa kamar jariri. Ran Asabar za a yi gasar shekara, garuruwa uku za su zo. Sai ga shi ran Litinin da safe an tarar da shinge a ƙasa, famfo a tumɓuke, kusurwar filin an kwashe ta ƙarƙaf, ga tulin kashi a tsakiya kamar sa hannu. Wani amale ne ya ɓallo daga garken raƙuman daji, waɗanda suka hango shi suka ce kansa ya wuce rufin ɗakin ajiya.

Aka taru a mashayar Gus Andreou, wanda shi ne sakataren ƙungiyar maharba. Sajan Lorraine ta ce ta kira maharban gwamnati, sun ce sai bayan mako biyu. Clarrie ya dire kofinsa, ya gyara malafa, ya miƙe a hankali yadda kowa zai gani.

"Mako biyu a kan raƙumi ɗaya? Lokacin da nake cikin hamada, goma sha ɗaya na kayar kafin ruwan shayi ya tafasa."

Gus ya ce, "Bara bakwai ka ce, mutumina."

"Bakwai manya. Ban ƙirga ƙanana ba, don ba na son cika baki."

Ya yi alkawari a gaban jama'a cewa kafin Asabar zai rataye wutsiyar amalen a saman kantar Gus. Sajan ta kafa masa sharaɗi ɗaya, cewa ko harsashi guda ya tashi a cikin iyakar gari, ita da kanta za ta kwashe kabad ɗin nan duka. Clarrie ya ce maharbi na gaskiya ba ya jiran nama ya zo gari, shi ke bin sa har gida.

Ran Talata ya fito da wandon farauta mai aljihu takwas, da gorar ruwa, da Doris a kafaɗa, ya ari karen Gus. A bakin fili ya durƙusa ya yi wa 'yan kallo darasi a kan sawun raƙumi, ya nuna musu gefen da ya ce shi ne gaba. Karen ya sunsuna ya ja yamma. Clarrie ya fizgo shi ya ja gabas, yana cewa karen mashaya ne, hancinsa giya kawai ya sani. Da suka yi nisa karen ya zame wuya daga igiya ya koma gida abinsa. Clarrie ya ci gaba shi kaɗai cikin jan yashi da ƙaya, kilomita goma sha ɗaya, sawun na ƙara dusashewa yana cewa a ransa dabbar wayo take yi, tafiya take da sanɗa. Daga ƙarshe ya iske kashi busasshe ƙayau kamar biskit, ya murza, ya sunsuna, ya yanke hukunci cewa bai fi minti ashirin da wucewa ba.

Da la'asar ya dawo yana ɗingishi, sai ya ga rabin gari a ƙofar gidansa. Ashe amalen a tsakar gidan ya yi hantsi. Ya shanye ruwan baho, ya aske bishiyar lemun Noreen har ƙaya, sannan ya zura kai ta tagar ɗakin baƙi ya daɗe yana kallon kabad ɗin bindigogi. Noreen na tsaye a baranda riƙe da ƙugu.

"Baƙonka ya zo. Na ce masa ka fita nemansa, ya jira ka har ya gaji."

Gus ya tambaye shi ko ya gano inda raƙumin ya fito. Clarrie ya ce ai abin da ya je yi ke nan, don kafin ka kashe maƙiyi sai ka san asalinsa, kuma mataki na farko ya kammalu daidai yadda ya tsara.

Mataki na biyu kwanton ɓauna ne. Bayan shingen filin ƙwallo, taku goma a wajen iyakar gari, akwai tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe, tsayinsa ya kai bene hawa biyu. Ran Laraba da sassafe Clarrie ya jingina tsani, ya ɗaure Doris da doguwar igiya ya ajiye ta a ƙasa don ya jawo ta in ya kai sama, yadda ƙa'ida ta ce ba a hawa da bindiga. Ya hau yana haki, ya zauna ya ɗan huta, ya buɗe gorar shayi. Yana kai kofi baki ya ji tankin ya girgiza.

Ya leƙa. Amalen ne, ja-ja-ja, tozo kamar tudu, yana susar wuya da tsani, ido a lumshe don daɗi. Tsanin ya yi rangaji sau biyu ya kife. Clarrie ya yi wuf ya kama igiya zai jawo Doris, sai amalen ya taka cikin igiyar ta naɗe masa ƙafa. Suka ɗan yi ja-in-ja, har Clarrie ya ga in bai saki ba shi ma zai bi. Ya saki. Amalen ya leƙa cikin fili ya ci abin da zai ci, sannan ya kama hanyar daji yana taku ɗaiɗai, Doris na biye da shi a ƙasa tana tsalle daga dutse zuwa dutse, ƙwal, ƙwal, har suka ɓace.

Tsanin ya karye biyu, motar kashe gobara kuwa ta tafi wata gona ba za ta dawo ba sai yamma. Kafin azahar an jera kujeru a gindin tanki, wani ya kawo laima, wani ya kunna murhun gasa nama. Ƙudaje suka yanyame Clarrie, ƙarfen tanki ya fara gasa masa mazauni, yana ɗaga wannan ɓangare yana sauke wancan. Gus ya riƙa jefa masa burodi da nama, amma ko ɗaya bai cafe ba, hankaki ne suka ci riba.

"Ka ce abu mai gudu ka saba da shi," in ji Gus daga ƙasa.

"Leƙen asiri nake, ka daina damuna. Daga nan na ga duk hanyoyinsa."

"Ka ga hanyar da Doris ta bi? Ta bi wani ta bar ka, kuma ya fi ka tsayi."

Ana cikin haka Goggo Beryl Zada ta iso da sandarta. Ta haura saba'in da biyar, jikar mutanen Afganistan ce da suka yi fatauci da raƙuma a ƙasar nan kafin a shimfiɗa layin dogo, kuma har yanzu tana da taguwa biyu tsofaffi a bayan gidanta. Ta dubi sawun, ta dubi kumfar da ya bari a jikin shinge, ta ce wannan ba ƙishirwa kaɗai ke damunsa ba, lokacinsa ne, mace yake nema. Ta ce a bar mata shi kwana biyu. Clarrie ya leƙo daga sama ya ce ya gode, amma aikin maza ne, kuma dama abin da ya gano ke nan tun safe, bai dai so ya faɗa ba.

Da aka sauko da shi, an tsinto Doris a bakin wani kwazazzabo, hancinta ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Gus ya ɗaga ta ya ce yanzu kam ta dace da mai ita, ƙila ma ta fara samun allo. Ya ce zai ara masa tasa. Nan Clarrie ya yi kuskuren da ya fi na sawu. Ya ce mai bindiga goma sha takwas a gida ba ya aron bindigar mai sayar da giya, kuma ran Asabar da safe kowa ya zo busasshen rafi ya ga yadda ake yi, da Josephine zai fito, mai baki biyu da zanen azurfa, wadda kakansa ya kashe kada da ita. Sajan Lorraine ta dube shi, ta juya tana tari.

A gida Noreen ta tambaye shi da me Josephine za ta yi harbi, da addu'a? Clarrie ya rufe ƙofa ya bayyana mata dabararsa. Zai karɓo fitsarin taguwa wurin Goggo Beryl a gaban kowa, a matsayin tarko. Amalen a gabas yake kwana, rafin kuwa yana yamma. Shi ba zai ko buɗe kwalbar ba. Za a zauna awa biyu, raƙumi ba zai zo ba, sai ya ce ya ji ƙanshin Josephine ya tsere, a tashi da mutuncinsa. Noreen ta tambaye shi filin ƙwallon fa, da gasar? Ya ce janar ba ya cin yaƙi biyu rana ɗaya.

Goggo Beryl ta ba shi kwalba cike da fitsarin, ta ja masa kunne: ɗigo uku a tsumma, a rataye a bishiya, a yi nisa, kada ko kaɗan ya taɓa jiki. Clarrie ya ce ya san wannan tun ba a haifi taguwarta ba. Ran Asabar ya shiga a-kori-kurarsa, motoci takwas na biye, kwalba a tsakanin cinyoyinsa don kada ta faɗi. Hanyar rafi kuwa duk gargada ce. A rami na farko murfin ya motsa. A rami na biyu kansa ya daki rufi, kwalbar ta yi sama ta dawo a kife. Ba ɗigo uku ba, duka ya sha, daga ƙirji har cikin takalmi.

Da ya fito daga mota mutane suka dare. Gus ya toshe hanci da hula ya tambaye shi ko wannan ma yana cikin tsari. Clarrie, idonsa na ruwa, ya ce tsohuwar dabara ce ta ɓatar da warin mutum, ba kowa ya san ta ba. Aka jera kujeru a gaɓar rafi can nesa da shi. Sajan Lorraine ta miƙe ƙafa tana cin fanke, ta ce wa na kusa da ita yau ce rana ta farko da ta ga Clarrie da bindiga hankalinta kwance. Shi kuwa ya tsaya a tsakiyar yashi da Josephine tana walƙiya, yana duba agogo. Sai ya ji iska na kaɗa masa ƙeya. Ya tsotsi yatsa ya ɗaga. Daga yamma take, tana tafiya gabas, ɗauke da saƙo.

Ba a yi rabin awa ba aka ji wani gurnani kamar ana zuƙe ruwa a makwarara. Amalen ya ɓullo ta kan tudu da sassarfa, kumfa na zuba, wani jan abu kamar balan-balan ya fito masa ta gefen baki yana lilo. Aka yi ta kiran Clarrie ya harba. Ya ɗaga Josephine, ya ce bai zo daidai ba tukuna. Taku hamsin. Ya ce yana jiran ya ga farin idonsa. Taku ashirin. Taku biyar. Don dai a ce ya yi wani abu, ya rufe ido ya ja kunamar bindigar. Ta ce ƙyas. Ya ja ta biyu, ita ma ta ce ƙyas.

Amalen ya tsaya a gabansa, ya sunkuyo, ya sunsuna shi daga takalmi har malafa, ya ɗaga leɓe sama ya lumshe ido. Sannan ya ɗora masa haɓa a kafaɗa ya yi wata ajiyar zuciya da ta kaɗa masa gashin baki.

Clarrie ya yar da Josephine ya zura da gudu. Motarsa na bayan raƙumi, don haka hanyar gari ya kama, kilomita biyu. Amalen bai kai masa hari ba, rakiya ya yi masa, kafaɗa da kafaɗa, yana lasar masa ƙeya yana gurnanin lallashi. In Clarrie ya ƙara mai, ya ƙara. In ya tsaya haki, ya tsaya yana tauna masa kwalar riga. Motoci takwas suka biyo su a hankali a jere kamar 'yan kai amarya, Gus ya leƙo ta taga yana ba da shawara.

"Kada ka ba shi fuska da wuri, Clarrie! Ka ja ajinka!"

A filin ƙwallo baƙi daga garuruwa uku sun jeru cikin fararen kaya, shugabar gasa na tsakiyar jawabi, sai ga Clarrie ya faɗo ta shingen da aka gyara jiya, ya keta tsakiyar ciyawa, ya hankaɗe teburin kek, ya faɗa banɗakin roba na tafi-da-gidanka da aka kawo don baƙi, ya danna sakata. Amalen ya zagaya banɗakin sau biyu yana kuka, ya jingina da shi don ya ji ɗumin masoyi. Banɗakin ya kwanta. Amalen ya tura shi da hanci, ya mirgina. Ya sake turawa. Haka ya yi ta gara shi a kan ciyawa, daga ciki ana jin Clarrie yana kiran Noreen, yana kiran Sajan, yana rantsuwa da ƙarfi cewa bai taɓa zuwa hamada ba, a mota ya ratsa ta sau ɗaya, kuma barci yake. Banɗakin ya tsaya daf da ƙaramar farar ƙwallon da ake auna wa. Wani tsoho cikin baƙi ya sunkuya ya duba tazarar, ya ce a gaskiya tun da yake zuwa Tarabinna bai ga jifa mai kyan wannan ba.

Goggo Beryl ta miƙe daga kujerarta, ta je gaban amalen, ta buga sanda a ƙasa ta ce masa da yaren masu raƙuma, "Hushta." Sai ga wannan ƙaton ya naɗe ƙafafu ya durƙusa kamar ɗan makaranta. Ta nuna wa mutane tsohon huji a hancinsa, ta ce wannan ba haifaffen daji ba ne, ya taɓa ɗaukar 'yan yawon buɗe ido, ɓata ya yi. Ta zura masa akala. Gus kuwa ya iso riƙe da Josephine, ya ɗaga ta sama ya leƙa bakinta, ya miƙa wa na kusa, aka yi ta zagayawa da ita hannu zuwa hannu ana kallon waldar. Da aka ɓalle ƙofar banɗaki Clarrie ya rarrafo, rabinsa shuɗi da ruwan maganin ciki, takalmi ɗaya, ya miƙe ya dubi jama'a.

"Kun gani ko? Da rai na kawo shi. Kisa aikin 'yan koyo ne."

Dariyar da aka yi sai da shugabar gasa ta zauna a ƙasa. Aka yi gasar a rabin filin da ya tsira, kuma Tarabinna ta sha kaye, amma ba wanda ya tuna da ci nawa.

Amalen ya koma garken Goggo Beryl. Sai dai taguwar nan biyu ko kallo ba su ishe shi ba. Clarrie ya yi wanka da sabulu, da ruwan tumatir, da kananzir, ya ƙone wandon mai aljihu takwas, duk a banza. Sau uku amalen na ɓalle ƙyaure yana zuwa gidan Clarrie, har Goggo Beryl ta ce ita ta gaji, in ana son gari ya zauna lafiya sai Clarrie ya riƙa fita da shi yawo kowace safiya. Sajan ta goyi baya, Clarrie ya ce bai yarda ba, a yi abin da za a yi.

Washegari yana zaune yana karin kumallo, yana yi wa Noreen bayanin cewa shi ba mai kiwon kowa ba ne, sai inuwa ta rufe tagar kicin, aka ji gurnani a hankali, tururin numfashi ya lulluɓe gilashi. Noreen ko ɗago kai ba ta yi daga shayinta ba.

"Gama da wuri ka taje kanka," in ji ta. "Ba kyau a bar saurayi tsaye a rana."